Kalma Ɗaya a Takardar Jinin Amarya

Litinin, ƙarfe bakwai da kwata na safe. Kwana na 84 da dashe.

Na buɗe sabon littafi, domin mai ɗakina ta ce idan ban sami inda zan riƙa zuba maganata ba, a kanta zan ƙare. Zan fara da gabatarwa. Shekara talatin da ɗaya da na yi ina sufeton makarantu sun koya mini cewa rahoton da ba shi da gabatarwa ba ya karantuwa.

Jikata, wadda nake kira Amarya, wata bakwai gare ta. An haife ta babu wani rukuni na ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T. Murar da za ta sa wani yaro atishawar kwana biyu, ita kuwa... Na bar wannan jimlar a nan.

An ɗebi ɓargon mahaifinta an dasa mata. Tun daga ranar tana ɗaki na huɗu a hawa na biyu, ita da uwarta, a bayan gilashi. Ta wayar bango muke magana. Abin da muke jira shi ne jikinta ya fara fitar da nasa ƙwayoyin. Likita ta ba mu zuwa kwana na ɗari da ashirin. Idan ba su fito ba za a sake dashe, kuma ba ta ɓoye mana cewa na biyu ya fi na farko haɗari ba.

Ni ne mai riƙe fayil. Yaron nan, ɗana mahaifin Amarya, yana wurin aikinsa a nesa, sai ƙarshen mako yake zuwa. Uwar yarinya ba ta yi Turanci mai zurfi ba. Saboda haka duk takardar da ta fito sai na karɓi kwafinta, na sa mata lamba, na jera.

A ƙofar ɗakin an manna sanarwa: "A rufe kofa." Babu lanƙwasa a kan harafin. Na gyara da biro.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kwana na 86.

Yau Likita ta ba ni minti ashirin na lokacinta, kuma ban taɓa zama a aji mai kyau irin wannan ba. Shekarunta ba su kai na autarmu ba.

Ta ce, "Baba, an ce sufeton makarantu ne kai."

Na ce, "Na kasance."

"To zauna. Yau makaranta zan nuna maka, ka duba mini ita."

Ta juya bayan wata takarda ta fara zane. Ga abin da na fahimta, na rubuta shi da tsari. Ƙwayar da ta baro ɓargo ba ta riga ta zama komai ba. Hanyoyi da yawa suna buɗe a gabanta, tana iya zama wannan irin mai tsaro, tana iya zama wancan. Sai jini ya kai ta wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, mai suna taimos. Da shigarta, ƙwayoyin da ke zaune a wurin sukan taɓa ta, kuma taɓawar nan saƙo ce. Daga nan sauran hanyoyin suke fara rufuwa. Ba gaba ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗan lokacin da idan aka fitar da ita za ta iya komawa ta zama wani abu dabam. Sai a kai wani mataki da babu komawa: ta zama 'yar gidan T har ƙarshen rayuwarta.

Na tambaya, "Wa ke rufe ƙofofin?"

Ta ce, "Ita da kanta, Baba. Daga waje ake taɓa ta, amma daga ciki take sa sakata."

Na roƙi takardar zanen. Ita ce lamba ta arba'in da ɗaya a fayil.

Alhamis, bayan la'asar. Kwana na 87.

Amarya ta kama babban yatsan ƙafarta ta kai baki. Na shaida mata ta waya cewa wannan ba ɗabi'ar matar aure ba ce. Ba ta saurare ni ba.

Asabar, ƙarfe tara na safe. Kwana na 89.

Darasi na biyu, a tsaye a barandar asibiti, jiya. Jarrabawa.

Takardu biyu ake yi a makarantar nan. Ta farko: shin ɗalibi yana iya gane shaidar da ƙwayoyin gida suke ɗagawa? Wanda bai iya ba, ba a kore shi ba, ba a hukunta shi ba, ƙyale shi kawai ake yi har ya mutu. Ta biyu: shin yana kai wa 'yan gida hari? Wanda ya nuna wannan hali, nan take a kawar da shi. Cikin ɗari, fiye da casa'in da biyar ba sa fita.

Na tuna yawan shugabannin makarantun da suka biyo ni har mota suna roƙon a ɗaga wa wane maki biyu. A nan babu roƙo, babu wasiƙa daga sama, babu ɗan wane. Kuma duk wannan yana gudana ne a cikin abin da bai kai tafin hannun jariri ba, ba da allo ba, ba da ƙararrawa ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara shi.

Na ce wa Likita, "Da ni aka aiko duba makarantar nan, da ban sami abin rubutawa a sashen gyara ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ka jira ta fara yaye ɗalibai tukuna."

Ta ƙara wani bayani mai muhimmanci. 'Yan ƙwayoyin T da ake gani a jinin Amarya yanzu na mahaifinta ne, tsofaffi, waɗanda suka biyo ɓargon. Ba su muke jira ba. Muna jiran sababbi, 'yan makarantarta.

Litinin, ƙarfe shida na yamma. Kwana na 91.

Yau da wan Amarya, wanda muka rasa, ya cika shekara uku.

Uwar yarinya tana sane da ranar, ni ma haka. Na lura ta wanke hannu sau huɗu kafin ta ɗauki Amarya, maimakon sau biyu.

Talata, ƙarfe goma na safe. Kwana na 92.

Darasi na uku, kuma shi ya fi burge ni. A wani mataki kowace ƙwaya tana sanye da baje biyu a lokaci ɗaya. Dole ta ajiye ɗaya. Idan ta riƙe na farko, ta zama mataimakiya, mai shirya sauran masu tsaro da ba su umarni. Idan ta riƙe na biyu, ta zama makashiya, mai hallaka duk ƙwayar da cuta ta shiga cikinta. Akwai kuma 'yan kaɗan da ake warewa su zama masu sulhu, aikinsu hana sauran wuce gona da iri.

Na tambayi abin da ke yanke hukuncin. Ta ce, "Abin da aka fi yarda da shi a yanzu shi ne tsawon saƙon. Idan ya daɗe bai yanke ba, ta zama mataimakiya. Idan ya katse, ta zama makashiya. Kuma da zarar ta zaɓa, abin da ke tafiyar da wannan hanyar sai ya danne na waccan."

Na ja layi a ƙarƙashin "abin da aka fi yarda da shi a yanzu". Mutum mai ilimi na gaskiya ne kaɗai yake magana haka.

Da na kawo wa mai ɗakina labarin sai ta ajiye tsintsiya.

"Makasa? A jikin jaririya? Malam, wannan shi ne abin da muke ta addu'a ya fito?"

"Shi ne."

"To ni dai masu sulhun nake roƙa mata. Makasan a bar su su zo daga baya."

Na bayyana mata cewa ba a yin oda. Ta ce ai ba ni take roƙo ba.

Alhamis, ƙarfe takwas da rabi na safe. Kwana na 94.

Na je wurin mahauci, domin ban yarda in yi ta rubuta sunan abin da ban taɓa gani ba. Na kwatanta masa wurin. Ya ce, "Au, wannan! A ɗan maraƙi ake samu, Malam." Ya ciro mini. Wata tsoka ce fara-fara, mai taushi, mai ɓangare biyu, wadda ba za ka dube ta sau biyu ba.

Na ce, "A babban sa fa?"

"Tsohon sa sai kitse a wurin. Ƙanƙancewa take yi." Ya dube ni daga hula zuwa takalmi. "Taka ma ina jin ta yi ritaya."

Na tambayi Likita. Mahauci yana da gaskiya.

Jumma'a, ƙarfe huɗu na yamma. Kwana na 95.

Ina so in rubuta wani abu game da uwar yarinya, domin ba zan iya faɗa mata ba. Kwana casa'in da biyar a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Kowane cokali sai ta tafasa. Kowane zafin jiki tana riƙe da shi a ka, da awarsa, kuma na gwada abin da ta faɗa da takardar nas sau uku ban sami kuskure ba. Lokacin da yaron nan ya kawo maganarta na tambayi ajin da ta tsaya. Ina jin kunyar wannan tambayar yanzu.

Litinin, ƙarfe tara na safe. Kwana na 98.

An ɗebi jini domin babban gwaji. Amarya ta yi kuka na minti ɗaya, ta huce. Likita za ta yi tafiya gobe, taro, sai Talata ta sama.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana. Kwana na 101.

Sakamako ya fito. An rufe na asali a ambulan an ajiye wa Likita. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ba ni kwafina kamar kullum.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma.

Jimillar ƙwayoyin T: ɗari da casa'in. A ƙasa akwai wani layi da ban taɓa gani da lamba a gabansa ba. An rubuta naive, ɗari da arba'in.

Na san kalmar. Duk da haka na ɗauko babban ƙamus, sannan ƙaramin, domin kada in zalunci kowa. Maras wayo. Wanda ake ruɗa cikin sauƙi. Wanda bai san duniya ba. Babu ma'ana ɗaya mai kyau a cikinsu.

Wato makarantar ta buɗe, amma uku cikin huɗu na waɗanda take yayewa wawaye ne. Na ga irin wannan sakamakon a aiki. Na san abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa.

Jumma'a, ƙarfe goma na safe. Kwana na 102.

Uwar yarinya ta ɗauki wayar bango tun kafin in zauna.

"Baba, ina kwana. An ce takarda ta fito."

"Ba a kammala ba tukuna."

Ta dubi fayil ɗin da ke hannuna, ta dube ni. Ta ce, "To, Baba."

Shekara saba'in da huɗu, ban saba da faɗin ƙarya ba. Ya fito da sauƙi fiye da yadda na zata.

Asabar, da hantsi. Kwana na 103.

Yaron nan ya zo. Shi ma na ce ba a kammala ba. Ya ce idan za a sake dashe, a shirye yake, ƙugunsa da aka ɗebi ɓargo ya warke. Na ce a jira Likita.

Ƙaramin likitan da ke riƙe da sashen ya wuce ni sau biyu a baranda. Ina iya tsayar da shi. Na duba agogona har ya wuce. Muddin ba a faɗa da baki ba, takarda ce kawai.

Lahadi, bayan azahar. Kwana na 104.

Babu abin rubutawa.

Lahadi, ƙarfe biyar.

Mai ɗakina ta kashe rediyo ta zauna a gabana.

"Mai karanta labarai ya yi kuskure uku, ba ka ce uffan ba. Me ke cikin fayil ɗin nan?"

"Takardu."

"Malam, shekara arba'in da shida. Me ke ciki?"

Na ce a bar ni. Ta tashi, ta ɗauko hijabinta, ta shiga ɗaki. Na ji abin da take roƙo ta bayan ƙofa. Irin wanda ta yi lokacin jinyar wan Amarya ne.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya. Kwana na 105.

Nas ta ce uwar yarinya ta mayar da abinci jiya da yau, kuma nono ya ragu. Ta tambaye ni ko an faɗa mata wani abu. Na ce ba a faɗa mata komai ba. Wannan gaskiya ce.

Na tsaya a gilashi. Amarya ta yi ƙiba, kumatunta sun cika, tana buga katifa da tafin hannu. Na kasa haɗa yarinyar da nake gani da layin da na karanta. Na sake duba zane na arba'in da ɗaya. Ban fasa ganin kyawun tsarin ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Tsari irin wannan, a ce a ƙirjin jikata kaɗai ya lalace.

Talata, ƙarfe goma sha biyu da rabi. Kwana na 106.

Zan rubuta wannan dalla-dalla, ba tare da rage wa kaina komai ba.

Na riga Likita isa ofishinta. Da ta zo ko jakarta ba ta ajiye ba na miƙa mata kwafin, na ce na karanta, na fahimta, abin da nake roƙo kawai shi ne ta bari ni in shirya uwar kafin a faɗa mata.

Ta karanta. Ta ajiye jakar a ƙasa. Ta sake karantawa. Sai ta ɗaga hannu biyu sama kamar 'yar firamare da ta ci gasa.

"Alhamdu lillahi! Baba, sun fito!"

Na ce, "Likita, duba layi na biyu. Wawaye ne."

"Su wa?"

Na nuna mata kalmar da biro. Na karanto mata ma'anar daga ƙamus biyu, domin na kwafo su a takarda.

Ta zauna. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta lura ba dariya nake ba sai ta natsu.

"Baba, a wurinmu kalmar nan tana nufin wadda ta gama makaranta, ta ci takardun nan biyu, ta zaɓi bajenta, amma ba ta taɓa haɗuwa da cuta ba tukuna. Sabuwa fil. Na mahaifinta sun ga duniya, ba a kiransu haka. Waɗannan ɗari da arba'in ɗin a ƙirjinta aka koyar da su. Su ne sababbin da na ce maka muna jira. Ga mataimaka, ga makasa, duka sun fito."

"Wato ba za a sake..."

"Idan suka ci gaba da hawa, ba za a sake ba. Yaushe ka karɓi takardar nan?"

"Alhamis."

Ta ƙirga da yatsu. Fuskarta ta canja. "Me ka ce wa uwar?"

Na faɗa mata.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce laifinta ne da ba ta rubuta mini kalmar a jikin zanen ba. Na ce a'a. Na ce wanda ya yi shekara talatin yana gaya wa malamai cewa ɗalibin da bai gane ba ya ɗaga hannu, shi ne ya ƙi ɗaga nasa.

Ta miƙe za ta tafi ɗaki na huɗu. Na roƙe ta minti biyar.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma.

Na ɗauki wayar bango. Uwar yarinya ta ɗauki tata, Amarya tana kafaɗarta.

Na ce, "Takardar ta fito tun ranar Alhamis. Na ce miki ba a kammala ba. Ba gaskiya na faɗa ba."

"Na sani, Baba. Fayil ɗin ya ƙara kauri."

Na yi mata bayanin komai, da kalmar, da ƙamus, da abin da Likita ta ce. Na yi shi da tsari, amma muryata ba ta bi tsarin ba.

Ta juya fuskarta wajen taga. Da ta juyo ta ce, "Kwana biyar, Baba. Na riga na fara sallama da ita a zuciyata. Na ninke kayanta."

Na ce ta yafe mini. Ban taɓa faɗa wa na ƙasa da ni wannan kalmar ba, kuma na ji nauyinta.

Ta share ido da gefen ɗankwali. "Nawa ne wawayen?"

"Ɗari da arba'in."

"Sake faɗa."

"Ɗari da arba'in."

Ta ɗago Amarya ta juyo da ita wajen gilashi. "Kin ji mijinki? Duk bokonsa, wawaye ɗari da arba'in sun kayar da shi." Sannan ta ce, "Baba, ka ce wa nas ta dawo da abincin nan. Kuma daga yau, duk takardar da ta fito, a nan za a karanta ta, ina ji. Abin da ba mu gane ba mu tambaya."

Na ce na amince.

Alhamis, ƙarfe goma na safe. Kwana na 115.

An karanta sabon sakamako a gilashi, uwar yarinya tana ji. Wawayen sun kai ɗari biyu da sittin. Akwai kalma ɗaya a layi na huɗu da ban sani ba, kuma na ɗaga hannu.